Mai Ƙwanƙwasa Ɗakin Mama

Tun da sanyin Nuwamba ya shigo birnin Buffalo, Mama ta fara cewa wani yana ƙwanƙwasa mata ɗaki da guduma kowace safiya. Ni ban taɓa ji ba, don ƙarfe biyar nake fita gidan burodin da nake aiki. Yayana Tadek kuwa, da ma ƙiris yake jira. Ya ce shekara tamanin da huɗu ba wasa ba ce, kan tsohuwa ya fara juyawa, kuma ya samo mata gado a gidan kula da tsofaffi. Ranar Juma'a zai zo mu yanke magana.

Ni dai ba na so a raba ta da gidan da ta shekara sittin a ciki. Amma in faɗi gaskiya, na rasa wa zan gaskata. Matar da ba ta taɓa manta gishirin miyar kabeji ba, ita ce ke rantsuwa ana yi mata ƙira a ɗaki.

Ranar Laraba na ƙi zuwa aiki, na zauna bakin gadonta da kofin gahawa. Ƙarfe shida tukunyar tururin da ke ɗumama gidan ta tashi a ɗakin ƙasa. Can sai ƙarfen ɗumama ɗaki da ke gindin taga, wanda tururin ke shiga, ya saki ƙara, gwaram, gwaram, har kofin ya kusa suɓuce mini. Ban taɓa murna da hayaniya irin ta ranar ba.

Sai na shiga gyara da kaina, abin da na fi kowa rashin iyawa. Na rufe famfon ƙarfen rabi, ƙarar ta ƙaru. Na kwance ɗan bututun iskan da ke gefe na wanke da ruwan tsami, ya koma tofar da ruwa a bango. Rabin ƙarfen zafi, rabi kamar ƙanƙara. Na sauka ƙasa na tsaya gaban tukunyar ina kallon allurar ma'auninta, ita ma tana kallona.

Da la'asar na kira Odell Pruitt, dattijon da ke gyaran tururi a unguwarmu tun ina 'yar firamare. Bai ko buɗe akwatin aikinsa ba. Ya durƙusa da kyar, ya leƙa ƙafafun ƙarfen, ya tambaye ni ina 'ya'yan darar da ke nan. Na ce ai da bazara, da nake goge daɓen katako, na tarar da su biyu-biyu a ƙarƙashin ƙafafun gefe ɗaya, ƙarfen duk ya karkace, sai na zare su na zubar, ya zauna daidai.

"Daidai ɗin ne ciwon, Renata," in ji shi. "Ke kaɗai ce mai ido a gidan nan? Shekara arba'in babanki na ganinsa a karkace, kin ɗauka lalaci ne ya hana shi miƙe shi?"

Ya ce bututu ɗaya ne tururi ke hawa ta ciki, ruwa kuma ke sauka ta ciki. In ƙarfen bai jingina wajen bututun ba, ruwan sai ya kwanta, tururi ya zo ya maka shi da ƙarfe. Famfon kuma ko a buɗe duka ko a rufe duka. Ya tura ɗan katako a ƙarƙashin ƙafafun, ya ce in bar wa mamaci aikinsa yadda ya bar shi. Baba ya shekara tara da rasuwa, amma kunyarsa na ji kamar yana tsaye a bayana.

Safiyar Juma'a na sa Tadek ya zo tun kafin shida. Na ba shi labari har da ƙari, na ce sai ya nemi gafarar Mama. Tukunya ta tashi, ƙarfen ya ɗau zafi daga wannan gefe zuwa wancan, ko tari bai yi ba. Tadek ya sosa ƙeya ya ce to, shi ke nan, ya janye maganar gidan tsofaffi.

Mama na zaune da bargo a gwiwa, ta kasa kunne wajen taga. Ta daɗe a haka, sannan ta juyo ta dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Babanku yau ma bai ƙwanƙwasa ba," ta ce. "Renata, ko kin kulle shi a waje ne? Je ki buɗe masa, bai fita da hularsa ba."