In An Wanke Zai Zauna

Duk Gaya babu telan da ya kai Siddo ƙin awo. Metir ɗinsa na awon kaya kullum yana rataye a wuya, amma ado ne kawai. Kallo ɗaya zai yi wa mutum ya kama yanka. Idan hannun riga ɗaya ya fi ɗaya tsawo, ko wuya ya karkace, amsarsa ba ta sakewa: "In an wanke zai zauna." Shi da bakinsa yakan ce rabin mutanen da ake gani suna tafiya a karkace cikin gari lafiyarsu lau, ɗinkinsa ne a jikinsu.

Da sojoji suka karɓi mulki aka rufe gadar Malanbil ta kan iyaka, atamfar Kwatano ta yi wuyar samu, aiki ya ja baya. Sai Siddo ya koma ɗinka wa jaririyarsa Kadi huluna da guntayen ƙyalle. Wannan ta matse, ya ɗinka wata. Ita ma ta matse, ya ƙara faɗi. Har alfahari yake yi a bakin shago, wai kan kakansa ta ɗauko, kan ilimi. Don kada ma ta riga shi, ya ɗinka wata ƙatuwa ja ya ajiye, yana jiran ranar da za ta cika ta.

Matarsa Ajuma ce abin bai ba dariya ba. Ta ga maɗigar yarinyar ta kumbura, idanunta kullum suna kallon ƙasa, nono ma in ta sha sai ta amayar. Ta tasa shi gaba har gidan likita.

Majo, babbar ma'aikaciyar wurin, ta zaro metir irin nasa sak ta zagaya kan Kadi. Sannan ta dubi abin da ke rataye a wuyan Siddo.

"Malam, wannan na wuyanka laya ce?"

Ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Majo ta ce ruwa ne ke taruwa cikin kan yarinyar, in ba a yi mata aiki a Yamai ba zai danne ƙwaƙwalwa, ya tafi da ganinta, ko ya tafi da ita gaba ɗaya. A hanyar Yamai, duk shingen da soja ya tambayi sana'arsa, a hankali yake cewa tela, metir kuwa yana can ƙasan aljihu.

A Yamai likitan ƙwaƙwalwa ya nuna musu hoton cikin kan Kadi. Ya ce za a sa siririn tiyo daga inda ruwan yake, ya bi ƙarƙashin fata ta bayan kunne, ya gangara har cikin ciki, can ruwan zai riƙa zuba jiki ya shanye shi. A ciki za a bar rarar tiyon a naɗe, don in yarinyar ta yi tsawo ya bi ta.

Nan Siddo ya ji an zo fagensa. "Ashe sana'armu ɗaya, likita! Ni ma haka nake bar wa yara rara."

"A ciki kam haka ne, Malam Siddo. Amma bakin tiyon da ke cikin kai, dole ya tsaya tsakiyar ruwan daidai. In ya kauce ko kaɗan, nama zai toshe shi, sai an sake buɗe ta."

"To in ya ɗan kauce, ba ya zaunawa daga baya?"

"Ba ya zaunawa."

Da aka shiga da Kadi, Siddo ya zauna kan benci, tsoro ya cika shi. Ya nemi dogayen addu'o'in da ya sani, duk suka gudu. Guda ɗaya ce ta rage a bakinsa, ita ya yi ta maimaitawa: "Ya Allah, kada ka haɗa ɗiyata da irina."

Allah bai haɗa ta ba. Bayan aiki aka sake ɗaukar hoto, likita ya sa yatsa kan wani ɗan farin layi da ya tsaya cak a tsakiya. Siddo ya duƙa ya duba ɗinkin bayan kunnenta da idon tela, ya nemi abin kushewa ya rasa.

Tun da suka dawo Gaya, duk Juma'a sai ya auna kan Kadi kamar yadda aka umarce shi, ya sake aunawa don kada idonsa ya cuce shi. Abin har ya shafi masu kawo ɗinki. Wani tsoho da ya gaji da ɗaga hannu ya ce, "Siddo, riga na ce ka yi min, ba hoto ba."

Wata safiya Ajuma tana gyaran kaya ta ci karo da jar hular nan. Ta so jefa ta a murhu, Siddo ya karɓe. Ya ɗora wa Kadi ita. Hular ta zurma har kan hanci. Yarinyar ta sa hannu ta ture ta, ta ɗaga ido sama ta dube shi sosai, abin da a da ba ta iya yi.

"Ta yi mata yawa, Baban Kadi," in ji Ajuma.

Siddo ya buɗe baki, tsohuwar amsarsa ta zo har kan harshe. Sai ya yi dariya, hawaye na zuba.

"Bar ta haka nan," ya ce. "Kada ma ki wanke ta."