Babban Yatsan Baba

Saura kwana uku wata ɗaliba ta gabatar da aikinta na kammala karatu, manhajar da ta koya wa gane cutar ganyen tumatir ta soma ba ta kunya. Ganye lafiyayye shar, amma da zarar mahaifinta ya riƙe shi sai allon ya ce yana da cuta. Kamar ta fashe da kuka.

Ta bi hotuna dubu biyun da ta horar da manhajar da su, ɗaya bayan ɗaya. Ashe duk ganye mai cuta Baba ne ya tsinko ya riƙe mata, lafiyayyun kuwa a jikin shuka ta ɗauke su. Babban yatsansa manhajar ta haddace.

"Wato ni ne cutar ke nan?" in ji Baba.

"Yatsanka dai, Baba. Tashi mu koma lambu."

Yini biyu suna sake ɗaukar hotuna, yana riƙe kowane irin ganye yana mita.

Ranar gabatarwa malaminta ya miƙo ganye goma da hannunsa, manhajar ta faɗi goman daidai.

"Kin ci," in ji shi.

Ta zauna tana dariya da hawaye.