Tukunyar Goran Ruwa da Kanwar Luba

Luba ko sallama ba ta yi ba. Ta sauke tukunyar daga kanta, ta dangwarar a tsakiyar rumfar maƙeran Gusau, gaban Sarkin Maƙera Haruna, ta ce a duba abin da Jibo ya sayar mata. Da ƙafa ta taho daga Bungudu, kuma duk wanda ta gamu da shi a hanya sai da ta nuna masa.

Jibo ya ajiye awartaki ya leƙa. Wata biyu da suka wuce, ran da ya fasa ƙasar zubi ya fito da tukunyar nan, fara ce tas kamar azurfa. Yanzu cikinta ya yi baƙi ƙirin, gindin duk ƙananan ramuka kamar fuskar wanda ya yi agana.

Luba dafaffen wake take sayarwa a kasuwa. Ta ce mutum uku sun ci sun wuni suna zarya bayan gari, yanzu ko kyauta ta bayar ba mai karɓa, gari ya ɗauka tukunyar dafi ce.

A shekarar da ake shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa zuwa Gusau ne Jibo ya shiga wannan rigima. Maƙerin fari ne, mai zobe da mundaye, sai wani tsohon soja, Ma'u, ya kawo masa buhu guda na lotsattsun gorunan ruwan sojan Jamus da ya tsinto a yaƙin Kamaru. Ƙarfen fari ne, ba nauyi, ba ya tsatsa. Mutane suka riƙa ce masa goran ruwa, sunan ya bi shi. Rabin shekara Jibo ya yi yana koyon halinsa. Ya gane ba ya yin ja kafin ya narke, sai dai kawai ka ga ya zube. Ya gane dole a kwashe kumfar da ke tasowa a kai. Ya kuma gane ba ya shiri da danshi, ran da ya zuba shi a jiƙaƙƙiyar ƙasa ya yi tsalle ya bar masa tabo tun daga wuyan hannu har gwiwar hannu.

Haruna ƙanen mahaifinsa ne, kuma tun farko bai so ƙarfen ba. Bai ja magana ba. Ya ce Jibo ya haƙa rami ya binne ragowar, ya rantse gaban maƙera ba zai ƙara taɓa shi ba. In ya ƙi, za a tumɓuke uwar maƙerar da ya gada, wadda yake dukan ƙarfe a kanta, ba zai sake hura wuta a Gusau ba.

"Baba, ba ni binnewa," in ji Jibo. "Ba ni kuma rantsuwa a kan abin da ban sani ba. Wani abu ya ci ƙarhen nan, sai na san ko mi ne ne."

Haruna ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ba shi kwana bakwai.

Da Jibo ya tambayi Luba abin da ta dafa, tsaki ta yi, ta ce wake, kamar yadda uwarta da kakarta suka dafa. Ya koma gida yana ta juya maganar. Can ya tuna narkin da ya zuba tukunyar ya yi saura, ya yi ludayi biyu da shi, ya sayar wa Inno, wata Bafulatana mai tallan nono da ke ruga kusa da Kucheri. Narki ɗaya, rana ɗaya. In ƙarfen ne mugu, ludayan ma sun lalace.

Ya ɗaure wa jaki akumari ya kama hanyar Tsafe. Kwana biyu ya yi kafin ya isa.

Ya tarar da Inno tana dama fura, ludayin a hannunta yana walƙiya har ya fi ranar da ya sayar mata. Ya tambayi ɗayan. Ta nuna masa wajen komin shanu da haɓa. Yana zuwa ya gan shi a jingine, baƙi ƙirin, da 'yan ramukan nan iri ɗaya da na tukunyar Luba.

Inno ta yi dariyar yadda ya tsura wa ludayi ido. Ta ce ai wannan na shanu ne, da shi take motsa musu ruwan kanwa. In baƙin ya dame ta sai ta jefa shi cikin tsamin nono ya wuni, ya fito fes. Ita ta ɗauka kowa ya sani.

Jibo ya roƙi aron ludayan biyu, ya bar mata zoben azurfarsa jingina, ya juya ko furar bai ƙarasa ba. A Gusau kwana biyu ya yi yana gwaji da guntaye: wannan a ruwan kanwa, wannan a ruwan toka, wannan a nono, wannan a tsamiya. Ya kuma zuba wata 'yar sabuwar tukunya.

Ranar ta bakwai da hantsi maƙera huɗu suka iso da dagi. Haruna na gaba, Luba na biye, jama'a sun cika ƙofar rumfa. Jibo bai tashi daga kan uwar maƙerarsa ba. Ya riga ya hura wuta biyu. A kan ɗaya ya ɗora baƙar tukunyar Luba da ruwan tsamiya, a kan ɗayar sabuwar tukunya da ruwa zalla. Ya miƙa wa Luba ƙwaryar kanwa.

"Iya, zuba yadda kika saba."

Ta ɗebi dunƙule ta jefa. Ta ɗan yi jim, ta ƙara wani.

Wata tsohuwa a cikin jama'a ta ce wannan kanwa ai ta wanka ce, ba ta wake ba. Luba ta juya ta ce waken bana tsoho ne, itace kuma ya yi tsada, in ba a ninka ba yaushe zai nuna. A cikin tukunyar ma take jiƙa shi ya kwana. Wani ya ce ashe dai masu zarya bayan gari sun san abin da ya kora su. Dariya ta ɓarke, Luba ta ja mayafi ta rufe baki.

Aka jira. Ruwan biyu suka yi ta tafasa. Kafin inuwar rumfa ta matsa taku ɗaya, sabuwar tukunya ta soma dusashewa daga ciki, ta yi toka-toka, ta yi baƙi daidai inda ruwa ya tsaya. Jibo ya sauke ta Luba, ya zubar, ya ɗauraye, ya juya cikinta ga jama'a. Fara. Ya ajiye ludayan Inno a gefe ya faɗi aikin kowanne. Sannan ya dama kunu a cikin tukunyar da ake ce wa ta dafi, ya kafa kai ya shanye yana kallon Haruna.

Haruna ya ɗauki tukunyar, ya sa ɗan yatsa yana shafa gindin.

"Baƙin ya tafi. Ramukkan ga hwa?"

"Ba su tafiya, Baba. Wanga laihina ne. Na sayar da abin da ban gama sanin halinai ba."

Haruna ya ce uwar maƙera ta zauna. Amma duk tukunyar da za ta fita daga rumfar nan, sai an gaya wa mai saye a gaban shaida, ba kanwa, ba toka.

Luba ta ce ita dai ba ta ga amfanin tukunyar da ba ta cin kanwa ba.

"Kanwa ta ka cin ta, Iya. Ki dafa wakenki a ta ƙasa. Wagga ta kunu ce."

Jibo ya karɓi tsohuwar tukunyar daga hannun Haruna, ya ɗora a kan uwar maƙera, ya sauke mata masaba sau uku, ya tattara guntayen ya zuba a kaskon narki. Ya dubi maƙeran nan huɗu da ke tsaye riƙe da dagi, ya ce tunda dai sun zo, ɗaya ya ajiye ya kama masa zugazugi a zuba sabuwa, Iya Luba na da tafiya gabanta.