Ƙarfen da Na Cire daga Salansa

Ni na cire ƙarfen nan da hannuna, gara in faɗa tun yanzu. Sunana Mahmuda, shekara goma sha tara ke nan ina gyaran mashin a Ƙaura Namoda, kuma ban taɓa sa sufana a jikin abin da ya kai mashin ɗin ƙanena Sirajo kyau ba. Daga Nijar aka shigo masa da shi ta Jangeru, irin na masu yawon duniya, mai akwatunan ƙarfe dama da hagu da tankin da ke shanye jarka guda bai ƙoshi ba. 'Yan tasha suka sa masa suna Raƙumi. Sirajo ya je Agadas da shi sau biyu, kuma duk wanda ya zauna kusa da shi minti biyar sai ya ji labarin, ko yana so ko ba ya so.

Abu ɗaya ne bai gamshi Sirajo ba: mashin ɗin ba ya ƙara. Wai abu mai girma haka ya riƙa wucewa sululu kamar keken ɗinki. Ya dame ni wata guda in buɗe masa salansa in zare ƙarfen da ke danne sautin. Na ce masa wauta ce. Amma ni ma, gaskiya, ina son in ji muryar injin nan mai tukunya biyu. Ranar da na zare ƙarfen muka tayar da shi, sai da mai shayin da ke ƙetaren titi ya zubar da madara. Muka yi ta dariya kamar marasa hankali. Ƙarfen kuwa na tokare ƙofar shagona da shi.

Wata Talata cikin damina, da hantsi, wayata ta yi ƙara. Haladu ne, mijin ƙanwata Kulsumu, daga Tungar Maje, wani ƙauye can bayan Birnin Tsaba. Sai ya hau tudu kafin ya sami sabis, muryar tana zuwa tana yankewa.

"Yaya Mahmuda, kububuwa ta ciji Kulsumu wurin noma. Jini na zuba ga dasashinta. Malam Jabir ya ce in an kawo allurar yanzu shina iya yi mata. Babu ta nan, babu ta Birnin Tsaba."

Malam Jabir shi ne ma'aikacin lafiyar ƙauyen. Kulsumu kuwa cikinta wata bakwai, bayan shekara shida tana jira. Na ce wa Haladu su kwantar da ita, kada ta motsa ko kaɗan, ga mu nan. Kafin in ƙara wata magana layin ya mutu.

Mota ba ta zuwa Tungar Maje da damina. Ƙaramin mashin zai kai, amma sai la'asar. Na kira Sirajo ya zo da Raƙumi, muka sayi kwalba biyu na allurar dafin maciji a kemis, muka sa su cikin fulas da ƙanƙara, na rungume fulas ɗin a ƙirji na hau bayansa. Ban taɓa jin daɗin gudun Sirajo ba sai ranar. Sojojin da ke shingen hanyar Zurmi suka tsayar da mu, na buɗe fulas na nuna musu, babbansu ya duba ya ɗaga mana hannu. Da muka bar kwalta muka faɗa laka, Sirajo ya miƙe tsaye a kan takalman mashin inda ake ɗora ƙafa, Raƙumi yana ta watsa ruwa yana ruri. A gulbi ruwa ya kai mana gwiwa, muka haye. Na duba agogo, awa ɗaya da minti arba'in. Har na fara gode wa Allah.

Akwai ƙa'idar da kowa ya sani a ƙauyukan nan tun da mutanen daji suka fara shigowa a kan mashina. In ka iso tsamiyar bakin gari sai ka kashe inji, ka sauka, ka buɗe fuskarka, ka tura mashin da ƙafa har cikin gari. Mun san da haka, kuma mun yi niyyar yi. Abin da ban lissafa ba, ni da nake taƙama da sanin inji, shi ne an yi ƙa'idar ne don ƙananan mashina, waɗanda ba a jin su sai sun zo kusa. Raƙumi kuwa tun daga gulbi ake jin sa, kuma a cikin kwarin nan sautin yana dukan tudu ya dawo, ya zama kamar mashin goma sun jero.

Muna kashe inji a gindin tsamiya na ji shi. Ƙarfen wilin mota da suke ratayewa a dandali don gargaɗi, ana dukansa da sauri ba tsayawa. Sai kuma ya yi tsit.

Sirajo ya cire hular kwano. "Yaya, mi a wanga?"

"Gudu suka yi," na ce. "Mu suka ji."

Na bar shi da turin mashin na ruga da fulas. Ban taɓa ganin gari haka da rana tsaka ba. Tukunya a kan murhu tana tafasa, turmi da taɓarya a yashe, takalmin yaro ƙafa ɗaya a tsakiyar hanya. Na faɗa gidan Haladu ina kiran Kulsumu. Tabarmar da aka kwantar da ita tana nan, ga ƙwarya a gefe da tofin jini a ciki, ita kuwa babu. Sun ɗauke ta. Matar da na ce kada ta motsa, an saɓa ta a baya ana gudu da ita cikin gero. Na duba waya, ko layi ɗaya babu. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba.

Na fito ina ihu da sunan Haladu. Gero ya fi mutum tsayi ta kowane gefe, ba abin da ya amsa.

"Kai mai ihu, in kashe ni za ka yi, matso kusa, ban jin nesa."

Wani tsoho ne zaune a zauren masallaci, ƙafafunsa a miƙe, sanda a gefe. Na gane shi, Baba Nagoggo ladan, shi ya yi addu'a ranar ɗaurin auren Kulsumu. Ƙafa ta daina kai shi ko'ina, shi ya sa ba ya gudu. Na durƙusa na gaya masa ko ni wane ne da abin da ke cikin fulas. Ya dube ni, ya dubi Sirajo da ya iso yana haki da ƙaton mashin.

"Ku biyu ɗai? Da wanga abu guda kunka tashi gari?"

"Baba, mi za mu yi su komo? In buga ƙarhen?"

"Kak ka taɓa shi. Bara waɗancan sun buga shi da kansu, mutane sunka hito, anka kwashe bakwai. Yanzu ba mai komowa sai ya ji muryata ga lasifika. To batirin masallaci kwana ukku ke nan da mutuwa, hadari ya hana rana hitowa. In ba lasifika, sai gobe da sahe su leƙo."

Gobe da safe. Na san abin da kububuwa ke yi wa mutum kafin gobe da safe. Sirajo ya ce bari ya shiga geron ya neme su, tsohon ya ce 'yan sa-kai suna kwance a ciki da bindigogin toka, duk baƙon da ya kutsa ba za a tambaye shi sunansa ba.

Sai idona ya faɗa kan Raƙumi. Na ce wa Sirajo ya buɗe sirdi. Sufana mai lamba goma ta suɓuce mini sau biyu cikin laka, na zage ta na zagi kaina. Na kwance batirin, na kai shi cikin masallaci, na fige wayoyin na'urar lasifikar da haƙori na ɗaura ja a kan ja, baƙi a kan baƙi. Ƙaramar fitilar ta kawo. Lasifikar da ke kan rufi ta yi tari.

Muka ɗauko Baba Nagoggo kamar jariri muka zaunar da shi gaban makirfo. Lokacin azahar ya riga ya shiga. Ya yi kiran salla, bai gaggauta ko kalma ɗaya ba, ni kuwa ina tsaye kamar in fizge abin daga hannunsa. Da ya gama ya yi gyaran murya.

"Jama'a, ni na, Nagoggo. Lahiya lau. 'Yan'uwan Kulsumu na sunka zo da magani. Haladu, maido ta. Malam Jabir, duk inda kake, hito."

Ya maimaita sau uku. Muka fita muka tsaya a fili, hannuwanmu a sama don a gan mu. Minti goma ba ko motsi. Ƙanƙarar da ke cikin fulas ta zama ruwa, ina jin kwalaben suna karo da juna. Sai wani mutum ya fito daga gero da bindiga a saɓe, ya zagaya mu, ya leƙa masallaci, ya koma ya yi fito. Daga nan mata suka fara fitowa da 'ya'ya a goye. Ba wanda ya gaishe mu, kuma ban ga laifinsu ba.

Malam Jabir ya iso da wandonsa a yage. Haladu ne na ƙarshe, don shi ya fi kowa nisa. Yana tafe yana tangaɗi da Kulsumu a bayansa, ƙafarta ta kumbura har cinya, zanenta ya jiƙe da jini. Daga tsayawarmu a tsamiya zuwa lokacin da allura ta shiga jijiyarta, awa biyu da kwata. Na ƙirga, har yau ina ƙirgawa.

Wajen la'asar jinin bakinta ya tsaya. Malam Jabir ya fito ya ce za ta tashi in sha Allahu. Sirajo ya faɗi ya yi sujada a laka. Amma malamin bai tafi ba, ya tsaya yana goge hannu, sai na gane da sauran magana. Cikin bai tsaya ba. Namiji ne. Na tambaye shi, da an yi allurar tun isowarmu fa, da ba a yi gudun nan da ita ba fa? Ya ce Allah ne masani. Ya faɗa ba tare da ya dube ni ba.

Kafin magariba aka ce mu shiga. Tana kwance, leɓunanta sun bushe, ta kama hannun Sirajo, autanmu da ta goya yana ƙarami.

"Auta, tun daga gulbi nij ji ka," ta ce a hankali. "Na san kukan mashin ɗinka. Nic ce musu ƙanena na, ya kawo magani, ku aje ni. Sunka ce dahi na ka sa ni sambatu."

Haladu ya juya fuskarsa bango.

Da safe muka mayar da batir, amma ba mu tayar da inji ba. Mu biyu muka tura Raƙumi, muka wuce tsamiya, muka ci gaba da turawa cikin laka har gulbi. A bakin ruwan Sirajo ya tsaya yana haki.

"Yaya, ƙarhen nan da kac cire, shina nan?"

Na ce masa yana nan. Kullum da safe da shi nake tokare ƙofa.