Kwaɗon da Aka Sa wa Jirgin Jailani

Masuntan yankinmu na Aceh ba sa shiga teku ranar Juma'a. Hakiminmu, Pak Syahrul, ya san haka, shi ya sa ya zaɓi Juma'a a kora jirgin 'yan gudun hijira tsakiyar ruwa, ba idon kowa. Ya manta dokar kakanninmu da ta hana fita ita ce ta ce in ana nitsewa a fita, ko wace rana ce. Ɗana Jailani ya hango su daga gaɓa, ya tada inji, ya jawo mutum tamanin da ɗaya, har da mai tsohon ciki. Kafin la'asar an ɗaure jirginsa da sarƙa da kwaɗo.

Jirgin nan shi ke ciyar da mu. Da warin kifi a jikina na faɗa ofishin hakimi.

"Mak Baren, ƙasarmu ba ta sa hannu a takardar 'yan gudun hijira ba," in ji shi. "Umarni ne daga sama."

"Pak, karatu ne ban iya ba, ba tunawa ba. Shekarar da teku ya cinye garin nan, wa ya sauko da kai daga bishiyar kwakwa, daga kai sai ɗan kamfai? Sojan wata ƙasa ne. Ka tambaye shi takarda?"

Magatakardansa ya sunkuyar da kai, yana ɓoye dariya.

Kwana huɗu na yi a ƙofar ofishin, ina cin shinkafa a ganyen ayaba. 'Yan jarida suka ɗauki hotona, suka ɗauki na sarƙar. Ƙasashe suka yi ta magana har kunya ta kai babban birni. A rana ta biyar rediyo ya ce gwamnati ta bar baƙin su zauna, kuma ba laifi a kan wanda ya cece su.

Pak Syahrul ya zo bakin ruwa da makulli, ya miƙa wa magatakarda.

"Ba don ke ba ne, Mak. Dokar duniya ce."

"Duniyar ta makara, mu tun kakan kakanka muke da ita. Kai ka rufe, kai za ka buɗe."

Ya shiga ruwa har gwiwa da takalminsa na ofis, ya buɗe kwaɗon, masunta na kallo.

Washegari Jailani ya dawo da kifi cike da jirgi. Mafi girma na kai wa mai cikin nan, wadda ta haihu a daren. Hakimi kuwa, kan kifin na aika masa.