Hanyar Zuwa Wurin Gwaggo Tasalla

Daren jiya wani mafarki ya ɗauke ni ya ajiye a wani gari da ƙasarsa duk zane ne gida-gida, kamar takardar lissafin da ake ba mu a ajin manya. Titi ɗaya ne a garin, ya haura sama a karkace. Can gefe na hango Gwaggo Tasalla, wadda ta raine ni, zaune kan wani baƙin ɗigo tana tsince shinkafa. Daga bayanta kuma ana ta naɗe ƙasar kamar tabarma, har an naɗe masallaci da rijiya.

Na zabura zan ruga, ƙafata ta ƙi sauka daga titi.

Wata zabuwa mai kakin 'yan sanda ta hura usur. "Baiwar Allah, nan ba a taka inda babu lissafi. Sai kin faɗi hanyarki, ta sari titin nan a tsaye, ta bi ta kan ɗigon tsohuwar."

"Ranki ya daɗe, nawa ne hawan titin?"

"Biyu. Taku ɗaya gaba, biyu sama."

Sai ga ni a madafa, lamba biyu na soyuwa a tanda. Na sa cokali na juya ta kamar waina, ta zama rabi. Na ɗanɗana, babu gishiri. Na barbaɗa mata alamar ɗebewa, hawa ya koma gangara.

Na ƙwala kira, "Gwaggo, ina kike zaune?"

"Huɗu gaba, ɗaya sama! Ladidi, ki zo da faranti."

Naɗin ya kusa taɓa zanenta. Na lissafa, x ne gaba, y ne sama: rabin huɗu biyu ne, me zan ɗebe wa biyu ya bar ɗaya? Uku. Na ce da ƙarfi, "Y daidai yake da uku a ɗebe rabin x!"

Zabuwa ta sara mini. Wata siririyar hanya ta tsiro daga titi, ta gangara har ƙafar Gwaggo. Na rungume ta ina kuka, ita kuwa faɗa take na bar farantin.

Ƙarar injin markaɗen maƙwabta ce ta tashe ni. Na yi tsit ina saurare, sai na jiyo Gwaggo a tsakar gida tana korar kaji daga bakin murhu. Na ce alhamdu lillahi, na ƙara jan bargo.