Muryar Abdoulrahim

Muttaƙa yana tura waƙoƙi daga kwamfuta zuwa katin wayar Hafsatou mai sayar da abinci, idonsa a kan allon, hankalinsa kuwa Allah kaɗai ya san inda ya tafi. Ta ce a sa mata na Indiya, ya sa. Ta ce a ƙara na biki, ya ƙara. Da ya miƙa mata katin sai ta tsaya, hannu a ƙugu.

"To ina gyarata?"

"Babu gyara yau."

"Jiya ma haka ka ce wa ƙanwata. Rowa ka koya da girmanka?"

Ta yi tsaki ta wuce. Da gaskiyarta kuwa, don duk Zongon Parakou an san shagon Muttaƙa da gyara. Yadda mai tumatir ke ƙara maka ɗaya a kan kashi, haka shi ma duk katin da ya loda sai ya ɗora waƙa guda ta wasu yaran da ba wanda ya san da zamansu. Yakan ce, "Je ka saurara, in ba ta yi ba gobe ka zo ka zage ni." Ana zuwa a zage shi ɗin, ba a fasa ba, amma masu dawowa neman ƙari sun fi yawa. Wannan ya sa yake ji da kunnensa kamar wani gadon gidansu. Matarsa Munira takan ce da zai saurare ta rabin yadda yake sauraron 'yan jita, da ita ma ta yi suna a garin.

Ta haka ya tsinto ƙungiyar mawaƙan da ake kira Gangar Donga. A wani taron suna a Djougou ya ji su, samari uku, suna haɗa Hausa da Dendi a waƙa ɗaya ba tare da an ji ɗinki ba. Saley ne mai jita, akwai mai ganga, sai mai rerawa, wani siriri mai kunya, Abdoulrahim. Muttaƙa ya raba waƙarsu ta farko har 'yan zem, masu acaɓar garin, suka riƙa busa ta da baki a bakin kasuwa. Da suka samu ƙwarin gwiwa suka zo wani ɗan situdiyo a Kpébié suka naɗi sababbi, aka ba Muttaƙa kati ya riƙe har ranar fitarwa. Bai sa su a kwamfutarsa ba, don ya san kwamfutar shago kasuwa ce, abin da ya shiga ya fita ke nan. Ana nan wuta ta zo da ƙarfi ta ƙone na'urar situdiyon. Makon jiya kuma motar auduga ta bi ta kan Abdoulrahim a hanyar Kolokondé, yana dawowa daga wasan biki a kan babur. Duk abin da ya rage na sababbin waƙoƙin shi ne katin nan mai kamar farce, naɗe cikin takarda a aljihun Muttaƙa.

Tun ranar da labarin ya zo bai yi kuka ba. Ya je jana'iza, ya dawo, ya buɗe shago. Ba baƙin ciki yake ji ba, ba ya jin komai ne. Waƙa duk ta zame masa ƙarar injin niƙa, tana shiga tana fita.

Inuwa ta tare ƙofar shagon. Saley ne, idanu jajur, riga a yamutse. Gran yake ce wa Muttaƙa, wato babban yaya.

"Gran, Alfa ke kiranka. Ya ce ka taho da katin."

"Wane Alfa?"

"Baban Abdoulrahim. Wani ya kai mishi labari akwai album da ba ta fita ba. So yake a goge." Saley ya leƙa hagu da dama ya rage murya. "Ga ordinatar nan a kunne. Ka kwafe kafin mu tahi, minti nawa ne? Wa zai sani?"

Muttaƙa ya dubi kwamfutar, ya dubi Saley.

"Zai tambaye ni ko akwai wani kwafi."

"Sai ka ce babu!"

"A zaman makokin ɗansa?"

Ya kashe kwamfutar ya ja ƙofa ya sa kwaɗo. Kada a ɗauka tsoron Allah ne ya yi masa yawa, Muttaƙa ya sha rantse wa kwastoma cewa kati na asali ne alhali ya san na bogi ne. Yau dai ƙarfin shirya ƙaryar ne babu, kamar yadda ba shi da ƙarfin komai.

A tasha aka cusa su bayan taksi su huɗu, wata tsohuwa da kajinta a kan ƙafafunsu. Hanyar Djougou ta miƙe, gonakin doya da bishiyoyin yazawa suna wucewa shar da su saboda damina. Direba ya saki kiɗa, Saley kuma ya saki baki tun daga fitar gari.

"Tun bara muke kan waƙoƙin nan, Gran. A bayan shagon tela muke repetisiyo, muna ta maimaita su, sauro na cin mu. Shi da bakinsa ya ce in sun fita zai sayo wa innarsa firiji. In aka goge, wallahi kamar bai taɓa buɗe baki ba a duniya. Kai ne ka ce mana mun iya. Kai ka fara faɗa, tun ba wanda ya yarda."

"Na faɗa."

"To ka faɗa wa Alfa haka. Kai babba ne, zai ji taka."

Muttaƙa ya ce to. Ya nemi maganar da zai yi wa tsohon a cikin kansa, ya tarar da wurin wayam. Ya san ya kamata ransa ya ɓaci, ko don Saley, ko don kansa, shi da bai taɓa tsintar murya irin wannan ba kuma ba ya jin zai sake. Ya lalubi ɓacin ran bai same shi ba. Sai ya zuba wa kajin ido har suka shiga gari.

Zauren Alfa Muhammad Amin ya rage cika, masu gaisuwa sun ja baya. Allunan ɗalibai na jingine a bango, an sallame su sai bayan makoki. Alfa ɗan ƙaramin tsoho ne mai farin gemu, yana zaune a kan buzu, casbi a hannu. Suka tuɓe takalma suka durƙusa.

"Baba, ya haƙuri?"

"Haƙuri da godiya."

"Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta."

"Amin, amin. Kai ne Muttaƙa na Parakou?"

"Ni ne, Baba."

"An ce kai kake raba muryarsa kyauta a kasuwa."

"Haka ne."

Alfa ya gyaɗa kai, babu faɗa a fuskarsa, kuma wannan ya fi faɗan nauyi.

"Ban kira ka don in tuhume ka ba, ɗana. Wadda ta fita ta fita, ruwan da ya zube ba ya kwasuwa. Amma ka san abin da mutum ya bari a bayansa yana bin sa har kabari, mai kyau ko akasin haka. Duk sanda aka kunna, ana rubuta masa. Na san akwai malaman da suka sassauta a kan waƙa, na karanta maganarsu, ban raina su ba. Sai dai ni uba ne. Ba zan yi caca da kabarin ɗana ba."

Saley ya kasa daurewa, ya matso da gwiwoyinsa.

"Baba, wallahi babu batsa a ciki ko kalma ɗaya. Akwai ta uwa, akwai ta manoman doya, akwai..."

"Saley, kai ma ɗana ne, a gidan nan ka yi wayo. In ni na yi kuskure, waƙa aka rasa. In kai ne ka yi kuskure fa, wa zai ɗauka?"

Saley ya juyo ya kalli Muttaƙa, kallon mai cewa ga wurinka. Muttaƙa ya buɗe baki. Shi da ke iya sayar wa kurma rediyo, yau ko kalma ɗaya ta ƙi zuwa. Ya sa hannu a aljihu ya fito da takardar ya warware.

"Akwai wani a wani wuri?" in ji Alfa.

"Babu, Baba. Wannan kaɗai ne."

"Na yarda da kai."

Saley ya sunkuyar da kai har goshinsa ya kusa taɓa tabarma. Muttaƙa ya buɗe bayan wayarsa ya zura katin, sunayen waƙoƙin suka jeru. Ya zaɓe su duka. Aikin da yake yi kullum ne. Yana shirin dannawa sai tsohon ya ɗaga hannu.

"Tsaya."

A cikin gida ana jin wata tana daka.

"Tun da ya fara abin nan na ce kada ya shigo mini da shi gida, kuma bai taɓa saɓa mini ba. Ko a banɗaki ban ji ya yi ba." Alfa ya ajiye casbin a kan buzu. "Duk garin nan sun ji ɗana, ban da ni. Sa mini ɗaya."

"Wacce, Baba?"

"Ni na sani? An ce kai ne mai kunnen. Zaɓa."

Muttaƙa ya zaɓa wa direbobi, ya zaɓa wa amare, ya zaɓa wa 'yan makaranta masu kuɗin kati ɗaya, bai taɓa jinkiri ba. Yau ya daɗe yana kallon jerin. Ya wuce wadda yake ganin za ta kama gari, ya wuce ta uwa don kada ya yi wa tsoho mugunta. Ya tsaya a kan ta ƙarshe, wadda muryar ke farawa ita kaɗai kafin jita ta shigo. Ya warware igiyar kunne ya matsa kusa, ya ɗan ɗaga gefen rawanin ya sa masa ɗaya, ya sa ɗayan, sannan ya kunna.

Su ba sa jin komai sai ɗan zuzu kamar na sauro. Fuskar tsohon kawai suke kallo. Da farko ya ɗaure ta tamau, yadda yake yi in ɗalibi na biya masa karatu. Can sai yatsansa ya fara sauka a kan gwiwa, ba bin ganga yake ba, tsawon jan muryar yake aunawa. Ya rufe ido.

"Nan wurin," ya ce da ƙarfi, irin na wanda bai san an toshe masa kunne ba. "Inda ya ja bai yanke ba. A kan tabarmar nan ya koyi riƙe numfashi haka. Sai da na sha wuya da shi."

Saley ya ɗago kai, fata ta dawo masa ido. Waƙar ta ci gaba har ta ƙare, ba wanda ya motsa. Alfa ya daɗe idonsa a rufe, sannan ya zare igiyar daga kunnuwansa a hankali. Gemunsa ya jiƙe, bai share ba.

"Ya iya," ya ce.

"Ya iya, Baba," in ji Saley da sauri. "Ka ga... ka ga ke nan..."

"Goge, ɗana." Alfa ne, Muttaƙa yake kallo. "Yi sauri, tun ban ce ka sake sa mini ba."

Muttaƙa ya zare igiyar daga jikin wayar ya danna. Wayar ta tambaye shi ko ya tabbata, ya sake dannawa, allon ya koma fari. A nan ne abin da ya yi mako yana nema ya same shi, baƙin ciki ya taso masa daga ciki, har sai da ya dafa tabarma. Saley ya tashi ya fita ko takalmi bai tsaya sawa ba.

Alfa ya ɗaga hannu ya yi addu'a, Muttaƙa ya shafa, ya yi sallama da muryar da ba ta fita sosai. Sai da ya kai bakin ƙofa ya waiwayo, ya ga igiyar kunnensa tana dunƙule a hannun tsohon, ya riƙe ta gam. Bai ce a ba shi ba.